Rigunan da Baba Ya Ɗinka wa Kwalabe

6 ga Janairu

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin can, ya kuma kunnen? Mu nan lafiya lau. Baba yana nan kan keken ɗinkinsa, ya ƙi yarda idonsa ya ƙara rauni, wai masu yin allura ne suka rage girman kafar. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana fita kasuwa. Yaya Babba da iyalinsa suna gaishe ki.

Rubutun hannun nan kin san shi, tunda tun ina aji huɗu na firamare ni Baba ke zaunarwa yana faɗa ina rubuta miki. Amma wannan wasiƙar ba wanda ya faɗa mini ita, tawa ce. Na so in kira ki a waya, sai na tuna ba kya jin magana ta waya, saƙon waya kuma kin ce ba rubutu ba ne. Don haka ga ni da biro.

Kin san jami'armu tana tura ɗaliban sashenmu na gyaran na'urorin asibiti ƙasar waje, su yi shekara ɗaya su dawo su ƙarasa. An kafe sunayen ƙasashe tara. Kowa ya ruga ga ƙasar da kike da maƙwabtanta biyu, har ana ture juna a gaban allo. Ni kuwa, Goggo, ta ƙarshe na zaɓa, wata 'yar ƙasa da ke kan duwatsu, wadda shekara huɗu ba wanda ya nema. Ma'aikaciyar ofis sau biyu tana tambayata ko hannuna ne ya goce. Yaya Babba ya nemo ta a taswira, ya ɗora farcensa ya rufe ta gaba ɗaya, ya ce mun fi su arziki, mun fi su wutar lantarki, to me na manta a can? Ya ce shi bai taɓa jin wanda ya hau jirgi don ya je ya ga talauci ba. Mama kuwa ta daina sa ni aiki, wanda kin san a wurinta ya fi faɗa ciwo.

Ga inda maganar ta tsaya. Dokar makaranta sai uba ya sa hannu a fom, kuma za a rufe karɓa ranar 15 ga Maris. Baba ya ninke fom ɗin ya sa a aljihun kekensa, ya ce tun bara ku biyu kuka gama magana cewa wurinki zan zo, shi ba zai warware ba sai ke kika ce. Kullum yana cewa ko da kakanninku ne kawai wa da ƙane, shi ba shi da yayar da ta wuce ki. Kalma ɗaya daga gare ki ta isa.

A can suna koyar da gyaran tsofaffin na'urori, suna ƙera abin da ya lalace da hannunsu. Shi nake so in koya. Akwai wani dalilin kuma, amma ban san yadda zan sa shi a takarda ba, ki yi mini haƙuri da shi. Don Allah ki rubuto wa Baba ya sa hannu.

'Yarki,
Auta

*

21 ga Janairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na ji daɗin lafiyarku. Ki ce wa mamarki ta rage tsayuwa. Ki ce wa babanki allura ba ta canza ba, ya je a duba masa ido. Ni ina nan lafiya, kunne kuwa sai hamdala, na dama ya yi ritaya, na hagu yana aikin rabin rana.

To, 'yar nan. Na karanta sau uku ina neman inda hankali yake, ban gan shi ba. Mutum ya ce zai koyi gyaran na'ura, sai ya tsallake inda ake ƙera ta ya nufi inda ake lallaɓa gawarta? A asibitin da nake aiki, na'urar da ta shekara bakwai ni ce ke manna mata jar sitika a sito, a fitar da ita. Abin da muke zubarwa a wata guda, wannan ƙasar taki ba ta gan shi ba tun kafuwarta. Za ki je ki kwana cikin sanyi babu wuta, ki yi magana da hannu kamar ni, ki dawo da takardar da ba wanda zai iya karanta sunan makarantar da ke jikinta.

Sai wannan dalilin da ba ya shiga takarda. Ni ma na taɓa zama budurwa, Auta. Dalilin da ba ya rubutuwa yawanci gashin baki gare shi. Wane ne shi? Ɗan ajinku ne, ko ɗan can ne ya zo ya juya miki kai? Ki faɗa mini, ba zan kai wa babanki ba, amma kada ki mai da ni yarinya.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Tun watan Oktoba na kwashe akwatuna daga ƙaramin ɗaki. Na yi masa fenti da kaina, kwana biyu bayana bai miƙe ba. Na sayi gado, na sayi tebur, na ɗauko fitilar karatu a bas ina rungume da ita, mutane suna kallona. Labule kawai ya rage, na bar tagar haka don na ce wa raina babanki zai ɗinka ki taho da shi. Shekara goma sha tara ke nan tun rasuwar maigidana nake cin abinci ni kaɗai, ina kallon talabijin ɗin da ba na jin abin da yake cewa. Likita ya hana ni hawa jirgi saboda kunnen nan, rabona da gida tun kina 'yar shekara bakwai. Ba zan ɓoye miki ba, na ƙwallafa rai a kan zuwanki, kuma wasiƙarki ta yi mini ciwo.

Wani abin kuma. Babanki ya ce kin yi wata uku kina sanin makamar aiki a asibitin garinmu. Kika cika takarda gaba da baya, ko layi ɗaya babu a kan kwalabena shida na bakwaini? Shekara biyu na yi ina bin ofis-ofis kafin su yarda su ba ni su maimakon su farfasa. Wasiƙar babanki ta bara ta ce jarirai ɗari huɗu da goma sha biyu suka kwanta a cikinsu. Duk wasiƙun suna cikin gwangwanin biskit a gefen gadona, ranar da aiki ya ishe ni su nake buɗewa. Ki dube su da kyau, na'urar ƙasar nan ce, shekara goma sha ɗaya tana aiki. Inda aka yi irinsu nake kiran ki.

Na rubuta wa babanki daban, na ce kada ya sa hannu a wancan fom ɗin. Ki yi fushi in kin ga dama, zai wuce.

Goggonki

*

5 ga Fabrairu

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fatan bayan ya warware. Gida lafiya, sai dai ni da Baba gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya karanta wasiƙarki ya sa ta a aljihun keke tare da fom ɗina, ya ci gaba da taka feda kamar ba ni a ɗakin.

Babu wani mai gashin baki. Da ma akwai, da abin ya zo mini da sauƙi. Kwana biyu na yi ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don Baba ya hana ni faɗa miki abin da zan faɗa, ban kuma taɓa tsallake maganarsa ba sai yau. Kin tambaye ni kwalabenki, ba zan iya yi miki ƙarya da hannuna ba, yanzu da na san ƙarya ce.

Makona na biyu a asibitin na ce a kai ni ɗakin bakwaini in ga kwalaben Goggona. Ina ta cika baki, na ba kowa labarin hoton da ke falonmu, Baba tsaye gaban kwantena da shugaban asibiti. Nas ɗin da ke wurin ta dube ni, ta ce wace Goggo? Kwalba biyu gare su, ba irin naki ba, ɗaya ma an ɗaure murfinta da bandeji. A cikin ɗayar jarirai biyu ne kwance kai da ƙafa. Sai ta tura ni wurin mai riƙe da makullin sito.

Ɗaki ne a bayan wurin wanki, mai taga ɗaya. Suna nan a jere jikin bango, su shida, kowace da jar sitikarki da rubutunki a kai. Ba a taɓa sa jariri a ko ɗaya ba, Goggo. Kowace kwalba tana da wata 'yar waya da ake mannawa a cikin jariri, ita ke gaya wa na'ura ɗumin jikinsa. Irin waɗannan in babu wayar ba sa tashi, sai su yi ta ƙara kawai. To, babu wayar ko guda a cikin kwantenar. Kamfanin ya daina yin irinsu, bakin wayar kuma ba ya shiga da na wasu. Mai makullin ya ce an rubuta takardu har an gaji, shugabanni uku sun zo sun wuce.

Abin da ya kashe mini jiki shi ne rigunan. Kowace kwalba an rufe ta da riga, an auna an ɗinka daidai ita, har da aljihun da igiyar wuta ke shiga. Na ɗaga bakin ɗaya na ga ɗinki biyu a jere da ƙulli a ciki. Mutum ɗaya ne a garin nan ke kashe bakin ɗinki haka, da shi na tashi a jikin kayan makarantata. Mai makullin ya ce ai wani tela ne, duk shekara yakan zo da sababbi ya cire tsofaffin, ya goge gilashin da tsumma, ya tafi.

Da na koma gida na tarar da Baba yana yanka. Na ce, Baba, na ga rigunan. Almakashin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, shekarar farko an yi masa alkawarin wayoyin suna hanya, sai ya sa na rubuta miki an fara aiki, yana ganin kafin wasiƙar ta isa gare ki maganar ta zama gaskiya. Da kika rubuto kina tambayar jarirai nawa, sai ya ce talatin. Shekara ta gaba dole adadin ya ƙaru. Ya ce, “Matar da ba ta da kowa a can sai wannan abin, in ce mata me?” Na ce to ni fa, da kake sa ni ina rubutawa? Ya ci gaba da yanka. Ni ce na rubuta ɗari huɗu da goma sha biyun nan, Goggo, har na ja layi a ƙarƙashi don ki gani da kyau.

Bayan wata guda wata malama daga ƙasar duwatsun ta zo sashenmu ta yi lacca. Mu bakwai ne a zauren, sauran sun ji sunan ƙasar sun tafi cin abinci. Ta buɗe jakarta ta fito da irin wayar nan, ɗalibanta suka haɗa da hannu, mummuna da ita, an naɗe ta da roba. Ta ce kwalabe irin naki tara suka tayar da ita. A ƙasarki za a koya mini yadda ake cire allon cikin na'ura a sa sabo. Mu nan ba mu da sabon da za mu sa.

Wannan shi ne dalilin. Na san na ɓata miki rai, na kuma ci amanar Baba. Amma ina so in tayar da kwalabenki, ko ɗaya ce. Saura kwana talatin da takwas a rufe karɓar fom.

Auta

*

6 ga Maris

Goggona,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Allah ya sa lafiya ce ta sa kika yi shiru. Mu nan kalau muke a jiki.

Na lissafa kwanakin. Kwana goma sha biyu zuwa, goma sha biyu dawowa, ya kamata a ce tun farkon makon nan amsarki tana hannuna. Kullum in na fito daga aji sai na biya gidan waya. Mai ba da wasiƙu ya gane ni, tun daga ƙofa yake girgiza mini kai. Ba ki taɓa kwana biyu da wasiƙarmu ba ki amsa ba, Baba da kansa ya sha faɗa. Don haka na gane amsar ke nan.

Na gaya wa Baba abin da na rubuta miki. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire tabarau ya ce, “Kin kyauta.” Tun ranar keken bai yi ƙara ba sai jefi-jefi, kayan mutane sun taru a kan tebur, Mama ce ke ba su haƙuri a ƙofa. Yaya Babba ya ce na ɗauki tsohuwa mai ciwo na kwaɗa mata guduma don kawai in sami sa hannu. Na yi masa tsawa a gaban matarsa, amma da na koma ɗaki na rasa inda ya yi ƙarya. Ina tsoro, Goggo. Ke kaɗai ce a gidan, in wani abu ya same ki wa zai gaya mana? Ko lambar maƙwabcinki ba mu da ita.

Ki yafe mini. Ba ni da hurumin taɓa gwangwanin biskit ɗinki. Na karɓo fom ɗin ƙasarki na cike, Baba ya sa hannu ba tare da ya dube ni ba. Ranar 15 zan miƙa shi. Zan zo, zan kwana a gadon da kika saya, zan ci abinci tare da ke. Kwalaben sun jira shekara goma sha ɗaya, ba ni ce zan tayar da su ba, na ɗauki kaina da girma ne kawai. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne, in san kina nan.

'Yarki,
Auta

*

1 ga Maris

Auta,

Ina lafiya, kada ki damu. Ki gaishe da mutanen gida. Na san amsar nan ta makara. Wasiƙarki ta zo tun sha bakwai ga Fabrairu, na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na hau sama na zauna a kan gadonki da rigar sanyi a jikina har rana ta faɗi. Kwana uku ban je aiki ba. Na fara rubuta wa babanki wasiƙar da in ya karanta ba zai sake kirana yaya ba, shafi huɗu, na zage shi tas. Ban aika ba, don a shafi na huɗu na tsaya a kan tambayar da ya kamata in fara da ita: ina wayoyin suka tafi?

Na koma aiki na sa aka buɗe mini tsofaffin takardun sito. Mako guda ina nema, yarinyar ofis tana ganin tsufa ne ya taɓa ni. Na same su. A wurinmu ƙa'ida ce, na'ura jar sitika, amma duk abin da ya taɓa fatar marar lafiya rawayar sitika ake manna masa, a jefa a wani kwando daban, a ƙone. Ga takardar a gabana yanzu. Wayoyin ɗumi guda goma sha takwas, uku ga kowace kwalba, an ƙone ranar da aka ɗaure kwalaben. Sa hannun da ke ƙasa nawa ne. Na tuna ranar ma, ina ta sauri ina murna, hannuna yana aikin da ya saba, ja nan, rawaya can. Shekara ashirin ina manna sitika ban taɓa tambayar me wayar ke yi ba. Ni sito na sani, ban taɓa ganin an kunna kwalba ba.

Ba ki san wannan ba, babanki ya sani. Kafin in bar gida na haifi ɗa namiji wata bakwai. Kwana uku ya yi a cikin auduga da kwalaben ruwan zafi a gefensa. Babanki ne ya ɗauke shi zuwa makwanci, yana saurayi a lokacin. Shi ya sa na aiko da kwalaben, shi ya sa kuma ya kasa gaya mini. Na yi kuka, Auta, ba don ɗari huɗu da goma sha biyun da babu su ba. Na yi kuka don na gaskiyar, waɗanda aka kawo asibitin cikin shekarun nan aka ce babu wuri, alhali abin yana bayan wurin wanki sanye da riga. Su ba wanda ya ƙirga su.

Har yanzu ina jin haushin babanki, kada ki ce masa na huce. Da ya faɗa mini a shekarar farko, lokacin ana samun wayoyin a kowane sito, da na cika ambulan na aiko. Tausayina da ya ji shi ya kashe maganar. Amma ni na ƙone su, don haka ba ni da bakin ɗaga murya sosai.

Ke kuma na yi miki ƙazafin gashin baki, ki yafe wa tsohuwa. Ki tafi ƙasar duwatsunki. Ba na so, kada ki yi zaton ina so. Ɗakin nan zan rufe shi, don ba na iya wucewa ta ƙofarsa. Amma ki tafi. Na sa 'yar takarda a ciki, ki ba babanki, layi biyu ce: ya sa hannu, kuma kada a sake rubuto mini adadi. Na kwafo miki lambar samfurin kwalaben da zanen bakin wayar daga tsohuwar takarda, ki kai wa malamar nan. Ki sayi safa mai kauri, an ce duwatsun ba sa wasa.

Allah ya sa wannan ta riga ranar sha biyar isowa. In ba ta riga ba, wannan ma ni ce.

Goggonki

*

16 ga Maris

Goggona,

Ina gaishe ki, ina gode wa Allah da kike lafiya. Wasiƙarki ta zo ranar sha uku. Mai ba da wasiƙu da kansa ya ɗaga ta sama tun ina bakin titi. A kan matakalar gidan waya na karanta, mutane suna ratsa ni.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Kafin wannan ta iso, wata za ta riga ta, wadda na rubuta ranar shida ga wata, inda na ce zan zo. Tun shekaranjiya abin ke cin raina, don na san za ki buɗe ta ki yi murna, wataƙila har ki buɗe ɗakin, kwana goma kina shiri. Ba ni da yadda zan tare ta. Ki yi haƙuri, Goggo, sau biyu ke nan ina hana ki abu ɗaya. Lokacin da na rubuta ta da gaske nake, kuma ko jiya da na tsaya a gaban ofis da fom biyu a hannu sai da na sake duba na ƙasarki. Na ƙasar duwatsu na miƙa. Ma'aikaciyar ta sake tambayata ko na tabbata, na ce mata wannan karon har da shaidu. Tafiya watan Satumba. Ina tsoro, ban san yarensu ba, ban san ko hannuna zai iya ba. Ba zan yi miki alkawarin shida ba, ba zan ma yi miki na ɗaya ba, za ki ji abin da ya faru yadda ya faru.

Na ba Baba takardarki. Ya karanta, ya nemi in ba shi wasiƙar da kika rubuto mini ma, na ba shi. Da ya kai wurin auduga ya tashi ya shiga ɗaki. Da ya fito ya buɗe aljihun keke ya sa hannu, sannan ya sauke hoton kwantenar daga bango ya kifa shi a kan kabad. Yau ya ce in kawo biro. Na gyara zama zan rubuta kamar kullum, ya ce a'a, in bar masa wuri a ƙasan tawa. Ya fi awa guda a kai. Ban gyara masa komai ba.

'Yarki,
Auta

Yaya,

Ni ne da hannuna, shi ya sa rubutun ya karkace. Ina gaishe ki. Kwalaben ba su taɓa aiki ba. Adadin duk ni na ƙirƙira, yarinyar ba ta sani ba. Na ga kamar ina rufa miki asiri ne, ashe ina hana ki gyarawa. Ba na neman ki huce yanzu. Na sa hannu kamar yadda kika ce.

Yadin da na saya don rigunan bana yana nan ban yanka ba, shuɗi ne mai kauri. Na gaya wa mai makulli ba zan sake rufe su ba, duk mai wucewa ya gan su. Kada ki mayar da gadon, shekara ɗaya ce, in ta dawo ni zan sa ta a jirgi ta zo ta gaya miki da bakinta. Ki auno mini tagar ɗakin, tsawo da faɗi, ki ƙara taƙi ɗaya saboda ninki.

Ƙanenki